Yadda Anselmo Direba Ya Koyi Tafiya da Baya

A unguwarmu ta Parque Patricios, in ka ce Anselmo Barreiro ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Direba, ko yaron goye ya san wanda kake nufi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan bas daga bakin kogi zuwa ƙarshen gari, kuma ba a taɓa jin ranar da ya ba wani hanya ba. Shi a ganinsa titunan Buenos Aires gadon ubansa ne, sauran masu motoci kuwa 'yan haya ne da suka ƙi tashi. Gajere ne kakkaura, wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya, ga gashin baki kamar tsintsiya. Ba mugu ba ne. Ya sha tsayawa inda ba tasha ba don wata tsohuwa mai kaya, ya ɗauke ta yana yi mata faɗa har ta sauka. Abu biyu ne dai Allah bai ba shi ba, jira da ja da baya.

Ubansa daga Galicia ya zo a jirgin ruwa, ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi, ya tashi 'ya'yansa a kan cewa rawa sana'ar marasa aikin yi ce. Don haka lokacin da samarin unguwa suke goge takalmi suna tafiya rawar tango, Anselmo yana bayan shago yana sauke buhunan wake. Matarsa Elvira ma a cikin bas ya same ta. Mai ɗinkin rigunan amare ce, siririya, kullum da allura soke a gaban riga. Wata safiya ya taka burki da ƙarfi, ta faɗa kan cinyar wani limamin coci. Ta miƙe, ta tako har gaban mota, ta wanke shi tas a gaban fasinjoji. Yana kallonta ta madubi ya ji duk duniya ba macen da yake so sai ita.

Ranar bikinsu aka tilasta masa ya yi rawa da amaryarsa. Ya riƙe ta kamar sitiyari, ya tura, ya murɗa, duk inda ya hango 'yar kafa tsakanin mutane sai ya kutsa, har ya kai ta da baya cikin teburin kek. Aka ciro ta da kirim har ƙeya. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Anselmo, na aure ka, ba na kuma nadama. Amma daga yau ƙafata da taka sun raba gari." Haka kuwa aka yi. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar da su, kuma kowace Lahadi bayan an ci taliya, shi sai ya kunna rediyo ya zauna zagin alƙalin wasan ƙwallo, ita kuma ta ɗauki jakar takalminta ta nufi kulob ɗin unguwa, inda ake rawar yamma.

Kulob ɗin nan filin ƙwallon kwando ne sauran ranaku. Ran Lahadi sai a goge daɓen, a jera tebura, mata a jikin wannan bango, maza a wancan. Namiji ba ya tasowa ya tsaya a kan mace ya ce zo mu yi rawa, wannan aikin baƙi ne da marasa tarbiyya. Daga inda yake zaune zai nemi idonta. In ta bar idonta ya tsaya cikin nasa, ya ɗan gyaɗa kai, ita ma ta gyaɗa, sannan ya taso. In ba ta so, sai ta ga wani abin sha'awa a silin, ba wanda ya sani balle a ji kunya. Tsari ne mai kyau, amma akwai wata mugunta a cikinsa da ba a faɗa. Maza ba sa ɗaga mace zuwa fili in ba su taɓa ganin rawarta ba, macen da ba a ɗaga ba kuwa ba mai ganin rawarta.

Elvira ba ta taɓa sanin wannan ba, domin tana da Don Hilario mai kantin magani, wani dogon gwauro mai sanyin hali da ya daɗe yana ɗaga ta. Anselmo bai taɓa nuna kishinsa a fili ba, sai dai in kansa na ciwo ya gwammace ya taka har wata unguwa ya sayo magani. Da Don Hilario ya rasu, Anselmo na cikin masu ɗaukar akwatin gawa, an kuma lura ko nishi bai yi ba. Mazan kulob suka kawar da ido daga Elvira, da farko don girmama mamaci, daga baya don sabo. Tsofaffin da suka san ƙafarta suka yi ta raguwa, sababbin zuwa kuwa ba su ga komai ba sai wata dattijuwa mai furfura a kujerar kusa da fanka.

Anselmo bai san da wannan ba sai bayan ya yi ritaya. Wata Lahadi hadari ya haɗo, ya ɗauki lema ya je ɗaukarta tun ba a tashi ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa, a bayan labule, ya hango ta. Tana zaune a miƙe, ta sha kwalliya, da murmushi a fuska, tana bin mazan da ido ɗaya bayan ɗaya. Aka sa kiɗa, aka cire, aka sake sa wani. Matan gefenta suka tashi, suka dawo suna fifita, suka sake tashi. Ita tana nan inda take. Ya tsaya har ƙafafunsa suka yi sanyi. A hanyar gida, suna ƙarƙashin lema, ya tambaye ta yaya rawa.

"Kai dai bari, tsoho," in ji ta. "Ba su bar ni na huta ba. Ƙafafun nan kamar ba nawa ba."

Ƙaryar nan ta fi yi masa ciwo a kan zaman da ya gani. Bayan 'yan kwanaki, tana yanka albasa, ta ce ba tare da ta dube shi ba, ita fa ta gaji da kulob ɗin nan, da zarar sanyi ya wuce za ta daina zuwa. Ya san Elvira sarai. Lahadin nan ita ce ke riƙe da sauran makonta, in ta sake ta, to tsufa ya samu ƙofa. Ya yi lissafi a ransa cewa sau ɗaya tak ake bukata wani ya ɗaga ta, mazan su ga ƙafarta. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wanda zai iya roƙa wannan alfarma ba tare da kunya ta kashe shi ba. Saura shi kansa.

Washegari ya je shagon Don Cayetano mai aski, ko da yake babu abin askewa a kansa sai ɗan gefe. Don Cayetano ya haura tamanin, ɗan tsamurmuri ne, amma duk unguwar an san in ya shiga fili har masu shan shayi sukan ajiye kofi. Anselmo ya bari sai da aka ɗaura masa ƙyalle a wuya.

"Don Cayetano, mutum kamar ni, in yana son ya koyi abin nan naku, zai daɗe?"

Almakashi ya tsaya. "Wane abu?"

"Abin nan dai. Na ƙafa."

"Kai? Kai da ka jefa 'yar mutane cikin kek?"

"Haba, shekara nawa da yin wannan!"

"Ina wurin, Direba. Na ci kek ɗin, har da gashi a ciki."

Anselmo ya haɗiye fushinsa, ya gaya masa abin da ya gani a bayan labule. Tsohon ya ci gaba da tsinke gashin kunne. Can ya ce, "Ka zo ɗakin bayan kulob Talata da Alhamis, bayan barcin rana. Maza ne zalla. Amma ka sani, ni yadda aka koya mini nake koyarwa. A zamaninmu ba uban da zai ba ka 'yarsa ka koyi taka ƙafa a kanta. Yaro sai ya yi rawar mace a hannun manya, har jikinsa ya san abin da mace take ji, sannan a ba shi izinin ja, ya zama shi ke jagorantar mace. Kai ne za ka zama macen."

Anselmo ya miƙe zumbur da ƙyalle a wuya. "Ni? Da gashin bakin nawa?"

"Na ga matan da suka fi ka. Zauna in gama maka gefen nan."

Ya fita yana rantsuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai je ba. Ranar Talata shi ya riga kowa zuwa. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Ɗakin cike yake da akwatunan lemo da karyayyun kujeru, ga wani tsohon garmaho a kan tebur. Tsofaffi ne 'yan kaɗan, kowa ya san kowa, duk sun taɓa shan zagi a motar Anselmo. Don Cayetano ya miƙa shi ga Rufino mahauci, ƙaton mutum mai tafin hannu kamar faranti.

"Sannu da zuwa, 'yammata," in ji Rufino, ya buɗe hannuwa. "Kar ki ji tsoro, na wanke hannu."

"Ka sake ce mini 'yammata, wallahi sai na sa ka a injin niƙa namanka."

"Yauwa, irin wadda nake so ke nan, mai tsiwa."

Don Cayetano ya tsawata musu. Ya ɗora hannun hagun Anselmo a bayan wuyan Rufino, ya haɗa su ƙirji da ƙirji, ya ce masa ya tara nauyinsa a ƙafa ɗaya, ya rufe ido. "Da baya za ka riƙa tafiya. Aikinka ɗaya ne, kar ka ɗaga ƙafa sai ƙirjinsa ya gaya maka."

"Da baya? Ido a rufe? Ba madubi?"

"Babu."

"To wa zai duba mini bayana?"

"Shi."

"Wannan? Mutumin da ya shiga kantin furanni da motar nama?"

Abin da aka gani a ɗakin nan a makonnin farko ba rawa ba ce, kokawa ce mai kiɗa. Kafin Rufino ya motsa, Anselmo ya riga ya tafi. In an nufi dama, shi ya riga ya yanke shawarar hagu ta fi kusa. Yana leƙen bayansa ta kan kafaɗa, yana taka burki ba gaira ba dalili, in za a juya har gwiwar hannu yake fitarwa don na baya su sani. Rufino yana zufa yana cewa, "Don Cayetano, wannan ba mace ba ce, firji ne nake hawa da shi bene." Tsohon kuwa yana biye da su da tawul a naɗe, yana ɗaɗa wa Anselmo a ƙeya.

"Jira! Ba ka san inda za shi ba."

"Na sani mana, hagu zai yi."

"Ko ka sani, jira ya faɗa."

Wata Alhamis Rufino bai zo ba, aka haɗa shi da Benítez, wani tsohon ɗan sanda da bai daɗe da fara ja ba. Benítez ya kafa masa yatsu a gadon baya, ya tura, ya murɗa, ya fizge shi tun nauyinsa na kan ƙafar da ake so ya ɗaga, ya bi da shi da baya har cikin akwatunan lemo. Kwalabe suka watse. Anselmo ya tashi a fusace.

"Kai jaki ne? An ce maka ni buhun dankali ne? Ka tambayi inda ƙafata take kafin ka jefa ni? Mutum ya rufe ido ya ba ka amanar bayansa, ka kai shi cikin kwalabe!"

Don Cayetano ya ɗaga allurar garmaho a hankali, ya ce, "Kek ne kawai babu."

Ranar Anselmo bai tsaya shan mate, shayin ganyen nan namu, da su ba. Ya bi doguwar hanya zuwa gida, kunya na cin sa. Shekara talatin da ɗoriya yana ba da labarin kek ɗin nan a wurin gasa nama ana dariya, yana cewa teburin ne aka ajiye ba daidai ba, bai taɓa tunanin yadda abin yake ga wadda ta rufe ido ba.

Daga nan ya yi laushi, ko da yake ba a rana ɗaya ba. Sai wata yamma da ya zo a gajiye, ya kwana gyaran famfo, ya rasa ƙarfin gardama. Ya jingina da ƙirjin Rufino ya manta ya yi tunani. Ashe mahaucin nan, duk girmansa, ba ya turi. Yakan ɗan numfasa, ya karkata kaɗan, sai ka ji ƙafarka ta miƙa baya da kanta, shi kuma ya jira ta sauka kafin ya biyo. Anselmo ya ji ana tafiya da shi, ana tsayawa, ana juyawa, ba ruwansa da wanda ke gaba ko wanda ke baya. Tun yana yaro bai taɓa jin hutu irin wannan ba. Kiɗa ya ƙare, shi yana nan ido rufe, kuncinsa a kafaɗar Rufino. Da ya farga ya ja da baya, ya gyara gashin baki.

"In ka gaya wa wani, sai na kashe ka."

"Ni ma hawaye na kusa yi, gimbiya," in ji Rufino.

To, abin nema ya samu. Cikin ɗan lokaci Anselmo ya zama macen da ta fi kowa iya rawa a ɗakin bayan kulob. Tsofaffi suka fara faɗa a kansa, wannan ya ce shi ya riga, wancan ya ce ai jiya ma kai ka fara. Shi kuma kansa ya fara girma. Ya hana Benítez taɓa shi sai ya daina cin tafarnuwa da rana. Ya kori wani ya je ya canza riga. Duk lokacin da ya ce wa Don Cayetano yaushe za a koya masa ja, sai tsohon ya ce saura kaɗan. Gaskiyar magana, tsofaffin nan cin amanarsa suka yi, Allah ya yafe musu. Sun daɗe ba su samu abokin gwaji irinsa ba, ba wanda yake son ya rasa shi.

A gida cewa ya yi karta yake zuwa yi. Elvira ta lura mijinta yana fitowa daga kicin da baya, da buta a hannu, yana miƙa ƙafa kamar mai gwada zurfin ruwa. Ta kuma lura kuncinsa na dama na ƙamshin wani turare da ba nasa ba, gauraye da ƙarnin ɗanyen nama.

"Wace irin karta ce ake yi da kumatu, tsoho?"

Ya shaƙe da tari.

"In ma wata ka samu, ka ce mata ta canza turare. Wannan na mahauta ne."

Da a da ne, sai ta bi diddigin maganar har ta ga ƙarshenta. Yanzu kuwa ta faɗa ne kawai ta koma kan keken ɗinkinta. Ta rage magana, ta rage faɗa, shi kuwa rashin faɗan nan ya fi komai tayar masa da hankali. Wata Juma'a, tun sanyi bai gama wucewa ba, ta ce jibi za ta je ta yi sallama da ƙawayenta, ba ta ga amfanin jan abin ba.

Da gudu ya isa shagon aski. Ya tarar da Don Cayetano ya shafa wa wani kumfa a fuska, ya janye shi daga kan mutumin. "Kun cuce ni! Jibi ne, ni kuwa ban iya komai ba sai zama amarya!" Tsohon ya ji kunya, abin da ba a saba gani ba. Ya bar mai kumfa a kujera, ya tsaya a gaban Anselmo, ya ɗora masa hannu a wuya kamar mace. Tsakanin madubi da ƙofa suka yi ta kai da kawo ranar da washegari. "Tafiya kawai," in ji shi. "Kar ka kuskura ka yi wani juyi. Ka ji ƙafar da take kai, ka jira ta, sannan ka taka. Duk abin da ka tsana a yi maka, kar ka yi mata. Ba ni da wani sirri bayan wannan."

Ran Lahadi ya bari ta tafi, sannan ya matse kansa cikin kwat ɗin da ya sa a bikin 'yarsu, ya bi bayanta. Ya zauna a ɓangaren maza, tsakanin Rufino da Don Cayetano. Aka sa kiɗa. Ya kafa wa Elvira ido irin wanda yake kafa wa direbobin tasi, har matar da ke kusa da ita ta janye jakarta ta rungume.

"Sassauta ido, Direba," in ji Rufino. "Gayyata kake yi, ba sammaci ba."

Elvira ta gan shi. Ta zaci ɗaukarta ya zo yi, ta nuna masa agogo, alamar da sauran lokaci. Ya girgiza kai, ya ɗaga gira, ya karkata kai wajen fili. Ta waiwaya ta ga ko wata yake nufi a bayanta, ba kowa sai bango da fanka. Ta dawo da ido kansa. Sannan a hankali ta ɗaga kai ta dubi silin.

Bai taɓa sanin silin ɗin kulob ɗin nan zai iya zama maƙiyinsa ba. Ya ci gaba da kallonta, don ba shi da wani wurin kai ido. Can ta sauko da idonta, ta dube shi tun daga kwat har takalmi, ta gyaɗa kai kamar wadda ta yarda a cire mata haƙori.

Ya taso, ya ratsa fili, ta miƙe. A nan ne jiki ya yi abin da aka daɗe ana koya masa. Hannunsa na hagu ya tafi da kansa ya sauka a bayan wuyanta, ya tara nauyi a ƙafa ɗaya, ya rufe ido, ya jira. Ita ma ta rufe nata, ta jira. Suka tsaya cak a gefen fili, kiɗa na tafiya, masu rawa suka taru a bayansu kamar motoci a mahaɗa. Benítez, da ke bayansu da abokiyar rawarsa, ya kasa haƙuri.

"Direba, motar ta mutu ne? A zo a tura?"

Elvira ta buɗe ido ɗaya. "Anselmo. Me kake yi?"

"Jira nake."

"Jiran wa?"

Ya buɗe ido, ya ga inda hannunsa yake. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wa ya yi maka haka?" in ji ta a hankali.

"Rufino."

"Mahauci?"

"Hannunsa da laushi. Ba yadda kike zato ba ne."

Ya ji jikinta ya fara rawa, ya zaci kuka take. Dariya ce, ko da yake da hawayen a ciki. Ya yi niyyar sauya hannu, ta riƙe shi. "Bar shi inda yake. Rufe idon." Elvira ta daɗe tana koya wa amare rawa a ɗakin ɗinkinta, ita ce take zame musu ango, don haka ja ba baƙon abu ba ne a wurinta. Ta ɗan numfasa, ta karkata, sai ga Direba ya miƙa ƙafa baya, sumul, kamar an zuba masa mai. Ta kai shi, ta juya shi, ta dawo da shi. Surutu ya tashi a tebura. Wata tsohuwa ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wannan abin kunya ba, amma ba ta ɗauke ido ba.

Da kiɗan farko ya ƙare, suka tsaya a fili kamar kowa, ana jiran na biyu.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Tun ranar da na kawo miki lema."

Fuskarta ta yi ja. "Ka gani ke nan."

"Ban ga komai ba. Ruwan sama nake kallo."

Da kiɗa na biyu ya tashi, ya mayar da hannuwansa inda na maza suke zama. Ya nemi ƙafar da take kai, ya same ta, ya jira. Sannan ya taka. Bai yi juyi ko ɗaya ba, tafiya ce kawai, kuma a kusurwa ya ɗan daburce. Amma duk taku sai ya bar mata lokacinta, ita kuwa a cikin ɗan lokacin nan ta riƙa yin wasu abubuwa da ƙafafunta, tana zana daɓe da kan takalmi, tana ɗan dukan ƙasa, abubuwan da mijinta bai taɓa sanin akwai su a gidansa ba. Shi ba ya gani, yana jinsu ne a ƙirji. Mazan da ke zaune kuwa sun gani da idonsu.

Ya raka ta har kujerarta kamar yadda ake yi, ya koma nasa wurin, ya shanye ruwan Don Cayetano bai sani ba. Da aka sa sabon kiɗa ya ɗago yana neman idonta, sai ya tarar ta riga ta gyaɗa wa wani kai. Kujerar da ke gefensa ta yi ƙara, Rufino ya miƙe yana gyara wuyan riga. Bayan Rufino sai Don Cayetano, bayansa sai wani baƙo mai sanƙo da ba wanda ya san sunansa. Har aka tashi Elvira ba ta ƙara ɗumama kujera ba. Anselmo ya yi murna har cikin ransa, amma lokacin da take hannun Rufino, ido rufe, ya san kowane numfashi da kowane juyi kafin ya zo, sai kishi ya turnuƙe shi, ya kuma rasa a cikin su biyun wa yake kishi.

Da yamma suka taho gida a ƙafa, tana ɗingishi kaɗan. Wajen shagon burodi ta ce, "Rufino ya iya, amma yana ɗan fizga in zai juya."

"Juyin hagu," in ji Anselmo. "Na faɗa masa har na gaji. Ki ɗan sake masa nauyinki kafin ya fara, zai jira ki."

Ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallonsa.

"Benítez kuma fa? Na ga yana ta neman idona."

"Kar ki yarda. Sai ya ƙara wata uku a hannuna."

Ta saƙala hannunta cikin nasa, ta miƙa masa jakar takalmin ya riƙe. "To, kafin Lahadi mai zuwa sai ka zauna ka gaya mini halin sauran ɗaya bayan ɗaya. Kuma kwat ɗin nan ka ba ni in buɗa maka shi, kana numfashi kamar tsohuwar mota."

Suka ci gaba da tafiya, yana yi mata bayanin mai sanƙo, wanda a ganinsa yana riƙe mace da ƙarfi fiye da kima.